FILIN MANOMA: Idan Wayar Ƙofar A-Kori-Kura Ta Tsinke

A makon nan za mu ajiye zancen taki da iri, mu taɓa wani abu ƙarami wanda ya ke damun masu motar ɗaukar amfanin gona, watau wayar da ke buɗe ƙofar mota daga ciki.

Duk wanda ya tsaya a bakin kasuwar Talata Mafara ran Talata, ya dubi motocin a-kori-kura masu shigowa daga Kaya da Maradun da Bakura da buhunan shinkafa da gero da albasa, ba zai daɗe ba zai ga direban da ya zuro hannu ta taga ya buɗe ƙofarsa daga waje. Wani kuma sai yaron mota ya diro ya zagayo ya buɗe masa. Wani ma ya haƙura da ƙofar ɗungum, ya ɗaure ta da igiya ko da robar tayar keke, ta ɗaya ƙofar ya ke shiga da fita. In ka tambaya sai a ce maka, ai waya ce kawai ta tsinke, in an sayar da kaya a gyara. Kaka ta wuce, rani ya wuce, ƙofa tana nan yadda ta ke.

Wannan sakaci ne mai hatsari. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, wasu hanyoyin da motocin manoma ke bi a wannan yanki gefen magudanan ruwa su ke bi. In mota ta zame ta faɗa ruwa, ko wuta ta kama inji, ko kuwa aka yi gamo da abin tsoro a hanya, kamar yadda mutanen ƙasar Maradun su ka sani sarai a shekarun nan, mutumin da ke ciki ba shi da lokacin sauke gilashi ya laluba hannun waje. Balle motar da gilashinta na lantarki ne, wanda in ruwa ya shiga wayoyinsa ya kan ƙi motsi. Ƙofar da aka ɗaure da igiya kuwa ta fi muni, gama ko dai ta ƙi buɗewa sa'ad da a ke so, ko ta buɗe da kanta a kan kwana ta watsar da mutum a titi.

Ga shi kuwa gyaran ba shi da wuya. Manomin da ya iya kwance injin ban ruwa ya wanke shi, zai iya sake wannan waya cikin awa ɗaya ko biyu a inuwar ƙofar gidansa.

YADDA ƘOFA TA KE AIKI

Buɗe ƙofar motarka ka dubi gefenta. Za ka ga wani tsagi, a cikinsa akwai ƙarfe mai baki kamar ƙugiya. Wannan shi ne bakin sakata. A jikin ginshiƙin mota kuma, daidai inda ƙofa ke haɗuwa, akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe wanda za mu kira mariƙi. In ka tura ƙofa, ƙugiya sai ta juya ta cafke mariƙi, wani ɗan matokari a cikin sakata kuma ya faɗa ya tokare ta, don kada ta koma baya. Sau biyu ya ke tokarewa. Shi ya sa in ka tura ƙofa a hankali za ka ji ƙas, ka ƙara turawa ka sake jin ƙas. An yi haka ne da gangan, domin in na biyun ya kuɓuce na farko ya riƙe.

Aikin hannun ƙofa, na ciki da na waje, shi ne ya ɗaga wannan matokari. To, hannun ciki yana gaba kusa da sitiyari, sakata kuwa tana can baya, saboda haka dole a sami abin da zai haɗa su. A tsofaffin motoci, irin su Peugeot 404 da 504 waɗanda kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya cika ƙasar nan da su, siririyar sandar ƙarfe ce ke wannan aiki. A motocin baya-bayan nan kuwa, kamar yawancin Toyota Hilux da a ke gani yanzu, waya ce mai tafiya a cikin kube.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce irin wayar birkin keke da ta kulocin babur. Wani Bature mai suna Ernest Bowden ya yi rajistar dabarar a Ingila a 1896, kuma har yau da sunansa a ke kiranta a can. Siraran zaruruwan ƙarfe ne aka tufka kamar igiya, aka zura cikin kube mai tauri. Abin lura a nan shi ne, kuben ma yana aiki. Dole bakinsa biyu su kasance a kafe, ɗaya a gindin hannu, ɗaya a jikin sakata. In baki ɗaya ya fita daga mazauninsa, ko da waya lafiya lau ta ke, sai ka ja hannu kube ya biyo waya, sakata ba ta motsa ba.

ABIN DA KE TSINKA TA

Waya ba ta tsinkewa haka kawai. Sau da yawa laifin na sakata ne. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji tana bi ta gefen gilashi ta sauka cikin ƙofa, ta haɗu da tsohon giris, ta zama kamar taɓo. Da damina ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Ƙaiƙayin shinkafa da na gero su ma ba su bar ta ba. Sannu a hankali sakata ta cije. Direba ya ja hannu bai buɗe ba, sai ya fizga da ƙarfi yana bugun ƙofa da kafaɗa. Ko wace fizga tana cin zaren waya ɗaya ko biyu a wajen bakinta, har ran da na ƙarshe zai rabu.

Abu na biyu shi ne zaman ƙofa. Motar da a ke lafta wa kaya fiye da kima, mutane suna rataya a jikin ƙofa ko suna dafa ta su hau, ƙusoshin da ƙofa ke juyawa a kansu su kan ci, ƙofa ta sunkuya. In ta sunkuya sai ƙugiya ta riƙa danne mariƙi, buɗewa ta yi nauyi, nauyin kuwa a kan waya ya ke ƙarewa.

Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne gishirin zancenmu na yau: wanda ya sa sabuwar waya bai wanke sakata ba, bai duba zaman ƙofa ba, ya sayi wata tsinkewar ce kawai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

KA GANE CIWON KAFIN KA SAYI MAGANI

In ka ja hannun ciki ka ji shi sakwaf ba nauyi ko kaɗan, amma na waje yana buɗewa, to ko waya ta tsinke, ko kanta ya fita daga gurbinsa, ko robar hannun ce ta karye.

In ka ji ɗan nauyi, ka ja har ƙarshe amma ƙofa ba ta buɗe ba, mai yiwuwa kube ne ya fita daga mazauninsa, ko waya ta saki ta ƙara tsawo.

In hannu yana da tauri, yana kuma jinkirin komawa, waya ta fara warwarewa cikin kube ko sakata ta cije. Wannan shi ne lokacin gyara mafi sauƙi, tun ba ta kai ga tsinkewa ba.

In motarka mai ƙofa huɗu ce, kuma ƙofar baya ce ta ƙi buɗewa daga ciki, kada ka kwance kome tukuna. Dubi gefen ƙofar, akwai wani ɗan maɓalli da aka sa don hana yara buɗewa. Sau da yawa hannun wani ne ya taɓa shi. Mayar da shi, shi ke nan.

In kuwa ciki da waje duk sun ƙi, ƙofa kuma a rufe ta ke, wannan ya wuce zancen waya. Kai wa mai gyaran jikin mota, kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓare ta.

SAYEN WAYA

Kada ka tafi saye hannu sake. Ciro tsohuwar ka tafi da ita, ko da gutsattsari ce. Ta dama daban ta ke da ta hagu a motoci da yawa, ta gaba daban da ta baya. A cikin ƙofa ɗaya ma sau da yawa wayoyi biyu ne, ɗaya ta buɗewa, ɗaya ta kullewa, suna kama da juna amma tsawonsu da bakinsu ba ɗaya ba ne. Jera sabuwa da tsohuwa a kan tebur ɗin mai kaya, ka gwada tsawon kube, ka gwada tsawon wayar da ta leƙo, ka dubi kawunan biyu. Yawanci kan da ke shiga hannu dunƙule ne kamar ƙwayar wake, wanda ke shiga sakata kuwa lanƙwasasshe ne. Ɗan bambanci kamar faɗin yatsa ya isa ya hana ƙofa buɗewa, ko ya hana ta kamawa sosai, wanda ya fi hatsari.

In babu a Talata Mafara, a nema a Gusau ko Sakkwato. In mota baƙuwa ce sai a yi saƙo Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, a haɗa da hoton tsohuwar da lambar jikin mota. In ta hannu ce za ka saya, watau wadda aka ciro daga wata mota, riƙe kube ka ja waya gaba da baya. In ka ji tana karta ko tana sarƙewa, ajiye ta. Araha ba ta ado. Ka kuma sayo 'yan maƙalan roba masu riƙe murfin ƙofa guda biyar ko shida, gama da wuya a kwance murfi ɗaya bai karye ba.

KAYAN AIKI

Sukuddireba mai faɗin baki da mai gicciye, filaya mai tsinin baki, sifana mai lamba 10, tocila, tsumma, tsohon buroshin haƙori, kananzir kaɗan, giris mai tsabta, da kwano na zuba ƙananan kaya. Sukurorin da ke riƙe sakata a motoci da yawa masu kan tauraro ne. Ka ari makullinsu a wurin makaniki. In ka matsa musu da abin da ba nasu ba kansu zai cinye, aikin awa ɗaya ya koma na yini.

AIKIN DAKI-DAKI

Na ɗaya. Tsai da mota a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu. Shimfiɗa buhu a ƙarƙashin ƙofa, don abin da ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan. Ɗaga gilashi har sama. In ƙofar tana da wayoyin lantarki, bayan ka ɗaga gilashi kashe mota, ka cire kan batir mai alamar ragi, ka dakata 'yan mintoci. Daga nan har ka gama, kada ka bari kowa ya rufe ƙofar nan. Gaya wa yara, ka kuma tokare ta da dutse saboda iska.

Na biyu. Nemi sukurorin murfin ciki. Akwai ɗaya a bayan hannu, ɗaya ko biyu a cikin madafin da a ke jan ƙofa da shi, wasu kuma a ɓoye ƙarƙashin 'yan murafan roba. In gilashinka na murɗawa ne, marfin murɗawar wata 'yar lanƙwasasshiyar waya ce ke riƙe da shi ta baya. Zura bakin tsumma tsakaninsa da murfi, ka ja hagu da dama, sai ta fito. Ka lura, tsalle ta ke yi.

Na uku. Naɗe bakin sukuddireba da tsumma, ka zura ta ƙasan murfi, ka ɗaga a hankali kusa da ko wane maƙali har su saki ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ka ɗaga murfin sama, gama rataye ya ke a bakin taga. Kada ka fizge shi, akwai wayoyi a bayansa. Leƙa ka cire su tukuna.

Na huɗu. Za ka tarad da farar leda manne da ƙofa da wani baƙin danƙo. Mutane da yawa su kan yage ta su yar, suna tsammani ba ta da amfani. Ita ce ke tare ruwa da ƙura daga shiga cikin mota da ɓata murfi. Ɓare ta sannu daga wajen sakata, iyakar inda hannunka zai shiga.

Na biyar. Kafin ka taɓa kome, ɗauki hoto da wayar hannunka, ko ka zana a takarda. Lura da hanyar da waya ta bi, da maƙalan da ta ratsa, da wadda ke sama da wadda ke ƙasa.

Na shida. Cire waya daga hannu: zare bakin kube daga tsaginsa, ka juya waya har dunƙulen ya fito daga gurbi. In ka tarad da kube ne kawai ya fita, ko robar hannu ce ta karye, to ka huta, mayar da kube ko ka sake hannu. Amma duk da haka ka wanke sakata.

Na bakwai. A wasu motoci hannu yana kai wa ga ɗaya bakin wayar ba tare da an ciro sakata ba. A mafi yawa sai an ciro ta. Akwai sandunan ƙarfe masu zuwa daga hannun waje da ramin makulli, ko wace da ɗan maƙalin roba mai juyawa. Juya maƙalin, ka zare sanda. Kwance sukurori uku na gefen ƙofa, ka cire filogin lantarki in akwai, ka zaro sakata ta ramin ciki. In ƙarfen da gilashi ke bi ya tare hanya, ƙusa ɗaya ce ke riƙe da ƙasansa, sassauta ta ka kauda shi.

Na takwas. Wanke bakin sakata da buroshi da kananzir har ƙugiya da matokari su riƙa motsi ba gardama. In akwai ɗan injin lantarki a jikinta kada ka tsoma ta cikin kananzir, goge wajen ƙarfen kawai. Bari ta bushe. Shafa giris kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Kaɗan mu ka ce, don giris mai yawa ƙura ya ke kira. Kada ka zuba baƙin man da aka juye daga inji, datti ne da shi.

Na tara. Maƙala sabuwar waya a sakata, ka danna bakin kube cikin tsaginsa har ka ji ya zauna. Mayar da sakata, ka ɗaure sukurorinta tamau, ka mai da sanduna da maƙalansu. Bi da waya ta hanyar da tsohuwar ta bi. Kada ta yi lanƙwasa mai tsanani, kada kuma ta ratsa hanyar gilashi. Sa'an nan ka sa dunƙulen a hannu, ka kafe kube.

GWAJI KAFIN RUFEWA

Nan ne masu gaggawa su ke shiga uku. Mutum ya gama ɗaurawa, ya buga ƙofa don ya gani, ta kama ta ƙi buɗewa ciki da waje. Kai kada ka yi haka. Ƙofa tana buɗe, sa jikin sukuddireba cikin bakin ƙugiya ka tura kamar mariƙi ne, har ka ji ƙas sau biyu. Ja hannun ciki kana jan sukuddireba waje. In ƙugiya ta saki, madalla. Sake yi da hannun waje. Kulle, ka tabbata hannun waje ya ƙi buɗewa, buɗe, ka tabbata ya karɓa. Mayar da kan batir, ka sauke gilashi ka ɗaga sau biyu kana kallon waya, ko yana taɓa ta.

In duk sun yi daidai, tabbata ƙugiya a buɗe ta ke, ka sauke gilashi, sa'an nan ka rufe ƙofa a hankali ka gwada. Sai bayan wannan za ka manne leda, ka mai da murfi.

Saura zaman ƙofa. Buɗe ta kaɗan, ka kama ƙarshenta ta ƙasa ka ɗaga. In ka ji tana wasa sama da ƙasa, ƙusoshinta sun ci, sai makaniki ya sake su. Dubi mariƙi kuma. In ka ga gefe ɗaya ya goge yana ƙyalli, ƙofa tana hawansa ne. A sassauta sukurorinsa biyu, a gusa shi kaɗan har ƙofa ta riƙa kamawa da turi mai sauƙi.

IN BABU WAYA A KUSA

Wanda ke ƙauye, kaya na jiran kasuwa, yana iya zuwa wurin mai gyaran babur. In kuben tsohuwar bai lalace ba, a kan zare tsinkakkiyar, a zura wayar kuloci ko ta birki mai kaurin da ya dace, a yanke daidai tsawo, a kafa mata kai mai ɗaurin sukuru. Wannan zai kai ka kasuwa ya komo da kai, amma na wucin gadi ne, kan ya kan zame. Ƙulla tsinkakkiyar waya da hannu kuwa, ko zuro igiya ta cikin murfi a riƙa ja, ba gyara ba ne.

KULAWA

Sau biyu a shekara ya isa: bayan hunturu, sa'ad da ƙura ta lafa, da kuma ƙarshen damina kafin a fara jigilar kaka. Goge bakin sakata da mariƙi, ka ɗiga mai kaɗan. Tsokane 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa da tsinke, don ruwan da ya shiga ya sami mafita. Hana yara lilo a jikin ƙofa, ka hana fasinja bugunta kamar suna faɗa da ita. Ran da ka ji hannu ya fara nauyi, ran nan za ka duba, kada ka jira kasuwa ta gaba.

Masu mota na Kaya da kewaye, kafin buhun farko ya hau bayan a-kori-kura bana, ko wannenku ya shiga ya zauna, ya rufe ƙofofi duka, ya gwada buɗe ko wace ɗaya daga ciki da yatsa biyu. Wadda ta ƙi, a gyara ta a makon nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya, ya komo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.